Makala a hannun mujalla: ina watannin suke tafiya, kuma wace hidima ce ta cancanci jira?

Duk wanda ke zama da malaman jami'a ko ɗaliban digiri na uku a Kumasi, daga Tech Junction zuwa Ayigya Zango, ya san tambayar da ke biyo bayan gaisuwa: "Malam, takardar nan ta fito?" Amsar ma sananniya ce: "Tana hannunsu." Wannan hannun nasu shi ne abin da za mu duba. Tantance makala, wato ba wasu masana su duba ta kafin a buga, hidima ce kamar kowace hidima. Mai bincike ya kai kayansa, wani lokaci har da kuɗinsa, saboda haka yana da haƙƙin ya san kwana nawa aikin zai ci, ya san matakin da ake ciki, ya kuma ga ko abin da aka dawo masa da shi ya kai darajar jiran da ya yi. Da waɗannan ma'aunai uku za mu auna manyan kamfanonin bugu na waje, da mujallunmu na gida, da masu alƙawarin sauri.

Mu fara da abin da aka riga aka ƙirga. A 2017 Janine Huisman da Jeroen Smits sun buga nazari a mujallar Scientometrics, inda suka duba rahoto 3500 da marubuta suka shigar a shafin SciRev. Sun samu cewa amsar farko bayan tantancewa tana cin mako 13 a matsakaici. Likitanci da lafiyar al'umma ne a gaba, mako 8 zuwa 9. Tattalin arziki, lissafi, ilimin zamantakewa da fannonin harshe da tarihi su ne a baya, mako 16 zuwa 18. Kafin su, a 2013, Bo-Christer Björk da David Solomon sun auna tun daga ranar aikawa har ranar bugu: kemistiri wata 9, kasuwanci da tattalin arziki wata 18. Ke nan likitan da ke koyarwa a asibitin Komfo Anokye da maƙwabcinsa na sashen tattalin arziki ba agogo ɗaya suke kallo ba. Wata huɗu jinkiri ne a wurin na farko, a wurin na biyu kuwa ba a yi komai ba tukuna.

Abin da ya fi ba da takaici shi ne, ba karatun makalar ke cinye watannin ba. Masanin da ya san fannin zai karanta makala ya rubuta rahotonsa a yini ɗaya ko biyu. Rahoton 2018 na Publons, shafin da ya tattara bayanan aikin masu tantancewa, ya nuna cewa daga ranar da mai tantancewa ya amsa gayyata zuwa ranar da ya miƙa rahoto, tsaka-tsakin lokacin, wato lambar da ke tsakiya in aka jera su daga ƙarami zuwa babba, kwana 16 ne. Sauran lokacin duk zaman jira ne, makala tana ajiye babu mai taɓa ta.

Ga yadda zaman ke taruwa. Da ka danna maɓallin aikawa, ma'aikacin ofishin mujalla ne zai fara duba ta, ba masani ba. Zai ga ko fayilolin sun cika, ko an cire sunayen marubuta idan mujallar tana ɓoye suna, ko hotuna sun kai ingancin da ake so, ko akwai lambar izinin kwamitin ɗa'a, sannan a saka ta a manhajar gano satar rubutu irin iThenticate. Wannan kwanaki ne kaɗan. Amma idan an samu gibi ɗaya, makalar za ta dawo akwatinka, kuma agogo ba zai fara tafiya ba sai ka gyara. Da yawa sun yi sati uku suna zaton ana tantance aikinsu, alhali saƙon "gyara ka sake aikowa" yana kwance cikin akwatin tarkacen imel ɗinsu.

Daga nan sai teburin edita. Shi zai yanke ko makalar ta dace da mujallar ko a mayar da ita ba tare da an kai wa kowa ba. Wannan hukunci na minti talatin ne, amma nazarin Huisman da Smits ya nuna kashi ɗaya cikin uku na mujallu suna wuce mako 2 kafin su yanke shi, kashi ɗaya cikin shida kuma suna wuce mako 4. A nan ba za mu sassauta wa kowa ba. Editan da ya riƙe makala wata guda domin kawai ya ce "ba ta dace da mu ba" ya ci haƙƙin marubuci, domin ba a yarda mutum ya aika makala ɗaya wa mujallu biyu a lokaci guda ba, ke nan ya ɗaure shi bai kuma ba shi komai ba.

Inda aka fi daɗewa shi ne neman masu tantancewa. Yawancin mujallu suna son rahoto biyu. Masu wannan aiki ba a biyansu, malamai ne masu aji da jarrabawa da ɗalibai kamar kowa. Rahoton Publons ɗin nan ya ce a 2013 edita yana aika gayyata 1.9 kafin ya samu rahoto ɗaya, a 2017 ta kai 2.4. Wato rahoto biyu na buƙatar gayyata kusan biyar. Yanzu a ce edita yana gayyatar mutum biyu, ya jira su kwana goma, su yi shiru, ya sake gayyatar wasu biyu, ɗaya ya ce ba shi da lokaci, ɗaya ya amsa. Wata guda ya tafi, ba a karanta ko layi ɗaya ba. Wanda ya amsa ɗin an ba shi mako uku ko huɗu, ya wuce wa'adi da mako biyu. Na biyun ya amsa sannan ya ɓace, sai a koma nema daga farko. Kuma idan batun makalar na gida ne ƙwarai, kamar yadda ake Hausa a zangunan Gana, ko hawan jini tsakanin matan kasuwar Asawase, masanan da editan Turai ya sani a wannan fanni ba su da yawa, neman sai ya ƙara tsawo. Idan rahoto biyun suka saɓa, ɗaya ya ce a karɓa ɗaya ya ce a ƙi, za a nemi na uku, a ƙara wata ɗaya ko biyu.

To yaya manyan kamfanoni suke a kan ma'auninmu? Mafi yawansu suna aiki da manhajar karɓar makala ta Editorial Manager ko ta ScholarOne. Abin yabawa a nan shi ne makala ba ta ɓata: tana da lamba, tana da ranar shiga, manhajar kuma tana tura wa masu tantancewa tunatarwa da kanta. Abin da ke allo, in ka iya karanta shi, yana gaya maka abu da yawa. Idan Editorial Manager ta nuna "With Editor", makalar tana teburin edita, ko yana dubawa ko yana farautar masu tantancewa. "Under Review" na nufin an fara aika gayyata ko wani ya amsa, ba wai kowa ya zauna yana karatu ba. "Required Reviews Completed" na nufin adadin rahoton da ake so ya cika. Akwai kuma kwanan wata a gefe, wanda sau da yawa yake canzawa ko da rubutun bai canza ba. Hakan alama ce cewa wani ya amsa gayyata ko ya miƙa rahoto. Kwanan watan da ya tsaya cik har mako takwas shi ne abin damuwa. Idan kuma ka ga matsayin ya koma baya, daga cikar rahotanni zuwa tantancewa, ba kuskure ba ne, edita ne ya nemi ƙarin ra'ayi.

Elsevier tana ba marubuta shafin bin sawu a mujallunta da yawa, wanda ke nuna gayyata nawa aka aika, nawa aka amsa, rahoto nawa ya shigo. A ganinmu wannan ya kamata ya zama ƙa'ida a ko'ina, domin mutumin da ya ga an aika gayyata takwas an amsa ɗaya ya san matsalar, ya kuma san taimakon da zai iya bayarwa. Taylor & Francis ma ta yi abin kirki da take raba alƙaluma biyu a shafin mujallunta: kwanaki zuwa hukuncin farko, da kwanaki zuwa hukuncin farko bayan tantancewa.

Wannan rabuwa tana da muhimmanci, domin lambar da mujallu ke tallatawa tana yaudarar mutane. Ɗauki misali: mujalla ta karɓi makala 100, ta mayar da 60 tun daga tebur cikin kwana 5, sauran 40 suka yi wata huɗu a wurin masu tantancewa. Idan ta rubuta cewa tsaka-tsakin lokacin hukuncinta kwana 5 ne, ba ta yi ƙarya ba, amma kai da kake fatan a karanta aikinka, wata huɗun ne naka. Akwai wata dabarar kuma: wasu mujallu maimakon su ce "babban gyara", sai su ce an ƙi makalar amma a sake aikowa. Da ka sake aikowa an ba ka sabuwar lamba da sabuwar ranar shiga, watanni biyar na farko sun goge daga lissafi.

Hukuncinmu a kan manyan kamfanoni: tsari mai kyau, saurin da ya dogara kacokan ga editan da makalarka ta faɗa hannunsa, tsada mai yawa idan ka zaɓi bugun da kowa zai karanta kyauta. Kuɗin bugu a irin waɗannan mujallu yakan kai dala dubu biyu ko fiye, wanda in ka juya shi zuwa sidi ya fi ƙarfin aljihun malami. Gana tana cikin ƙasashen shirin Research4Life, wanda ke sauƙaƙa wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi samun mujallun bincike, kuma kamfanoni da dama suna yafe kuɗin ko su rage wa marubutan waɗannan ƙasashe. Sai dai ana neman rangwamen ne a lokacin aikawa. Wanda ya bari sai an karɓi makala sannan ya ce ba shi da kuɗi, zai iya ƙara wa kansa makonni na kai-komo da sashen kuɗi, wani lokaci ma a ce lokacin nema ya wuce.

Mujallun gida lamarinsu daban ne, kuma sun cancanci a yi musu adalci. Ghana Medical Journal, da Journal of Science and Technology ta KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, da Legon Journal of the Humanities, duk ana samunsu a African Journals Online, wato AJOL, wadda aka kafa a 1998. A gane cewa AJOL rumfa ce da ke baje mujallu, ba ita ke tantancewa ba. Kowace mujalla da editocinta da ƙa'idarta. Ƙarfin mujallun gida shi ne masu tantancewarsu sun san ƙasar. Ba sai ka ɓata shafi guda kana bayanin mene ne zango ba, kuma idan ka yi kuskure a kan yadda asibitin gunduma ke aiki za su kama ka. Kuɗinsu ma da sauƙi, wasu ba sa karɓar komai. Rauninsu na rashin ma'aikata ne. A yawancin ƙananan mujallun sassan jami'a, edita malami ne da ke wannan aiki bayan ya tashi daga aji, ba shi da sakatare, shi ne mai tura gayyata, shi ne mai bin sawu, shi ne mai tsara shafi. Lokacin makin jarrabawa ko yajin aiki komai sai ya tsaya. Da yawa suna amfani da Open Journal Systems, manhaja ce mai kyau kuma kyauta, amma idan ba a saita ta daidai ba saƙonninta ba sa isa, ko su faɗa tarkace, mai tantancewa bai ma san an gayyace shi ba.

Akwai jira na biyu da mutane ke mantawa da shi a nan, jiran fitowa. Mujallar da ke fita sau biyu a shekara, in ta karɓi makalarka bayan an rufe fitowar Yuni, sai Disamba, in layi ya yi tsawo sai Yuni na gaba. Wanda ke haɗa fayil ɗin ƙarin girma ya tambayi ofishin rajistara tun da wuri ko wasiƙar karɓa tana wadatarwa ko dole sai makala ta fito da lambar kundi da shafi, domin dokokin jami'o'i sun bambanta. Kafin ka aika, buɗe shafin mujallar ka ga ranar fitowarta ta ƙarshe. Idan shekara ta zagayo ba ta fitar da komai ba, juma'ar da za ta yi kyau tun daga laraba ake gane ta. AJOL ma tana nuna matsayin mujallu da taurari, tana kuma nuna waɗanda suka daina aiki.

Sai masu sauri, kuma su iri uku ne da bai kamata a cuɗa su ba. Akwai kamfanoni irin MDPI ta Basel, waɗanda suka gina kasuwancinsu a kan gajeren wa'adi: masu tantancewa kwana goma, marubuci kwana biyar don ƙaramin gyara, goma don babba, ga ma'aikata masu albashi da aikinsu bin sawu ne kullum. Hukuncin farko cikin mako biyu zuwa uku abu ne da aka saba a can. Sun tabbatar da abu ɗaya, cewa yawancin jinkirin da ake sha a wasu wurare na rashin mai bin sawu ne. Amma kwana goma ba sa isa a sake wani gwaji ko a sake nazarin alƙaluma, kuma ingancin rahotanni yana hawa da sauka daga mujalla zuwa mujalla. A Maris 2023 kamfanin Clarivate ya cire mujallu fiye da 50 daga Web of Science, jerinsa na mujallun da aka amince da su, cikinsu har da 19 na kamfanin bugu na Hindawi da International Journal of Environmental Research and Public Health ta MDPI, wadda masu binciken lafiya ke yawan aika wa. Don haka a duba matsayin mujalla a Web of Science ko Scopus, wani jeri irinsa, a ranar da za a aika, kada a dogara da abin da aka sani bara.

Iri na biyu su ne mujallun da ke sayar da layin gaggawa. Taylor & Francis tana da shi a wasu mujallun magunguna, mako 3 zuwa 5 ko mako 7 zuwa 9, a kan dubban daloli. An yi shi ne don masu kuɗin bincike mai kauri, ba don malamin da ke jiran alawus ɗin littattafai da bincike ba. Iri na uku kuwa 'yan damfara ne. Su ne masu turo imel suna kiranka farfesa, suna alƙawarin bugu cikin kwana bakwai. A 2013 John Bohannon ya aika makalar bogi mai kurakurai a fili ga mujallu 304, kuma 157 suka karɓa. Makalar da ta shiga irin wannan wuri ta mutu: kwamitin ƙarin girma zai iya ƙin ƙirga ta, mujallar kirki kuma ba za ta karɓi abin da aka riga aka buga ba. Duba sunan mujalla a DOAJ, jerin amintattun mujallun da ake karantawa kyauta, da bin tambayoyin gane mujallar kirki na shafin Think. Check. Submit. ba ya cin minti goma.

Hanyar da muka fi amincewa da ita wajen sanin gaskiyar lokacin mujalla ba ta buƙatar kowa. Sauke makala goma na baya-bayan nan daga mujallar, irin naka, ba na fitowa ta musamman ba. A ƙasan shafin farko, cikin ƙananan haruffa, za ka ga ranar da aka karɓi makala a ofis, ranar gyara, ranar amincewa, da ranar bugu. Ɗauki biro ka ƙirga kwanakin da ke tsakanin ta farko da ta amincewa, ka jera lambobin goma daga ƙarami zuwa babba, ka dubi na biyar da na shida. Wannan shi ne abin da za ka sa rai da shi. Dubi na tara da na goma kuma, su ne abin da zai iya samunka idan ba a dace ba. Mujallar da ba ta buga waɗannan ranaku ta rage wa kanta maki a wurinmu. Ɗalibin da jami'arsa ke neman makala kafin ya kare kundinsa ya yi lissafi da na goman, ya ƙara da yiwuwar a ƙi makalar a mujallar farko, wanda ke nufin aikawa aƙalla shekara guda kafin ranar da yake buƙata.

Wani kaso na jinkirin daga wurinmu yake, dole a faɗa. Lambar izini daga kwamitin ɗa'a na KNUST ko na Hukumar Lafiya ta Gana ta kasance cikin makalar tun farko. Sunanka da ke ɓoye cikin bayanan fayil ɗin Word a goge shi idan mujallar tana ɓoye suna. Abokan rubutu su san cewa saƙon tabbatarwa zai zo musu, domin wasu mujallu ba sa motsawa sai kowa ya danna. Idan an ba da gurbin ba da shawarar masu tantancewa, cika shi da mutum huɗu ko biyar masu imel na jami'a, waɗanda ba ku yi rubutu tare ba kuma ba sashenku ɗaya ba. Wannan kaɗai yana iya rage makonni. Tsakiyar Disamba da watan Agusta lokutan hutu ne a Turai, gayyata ba ta samun amsa da wuri. Idan gyara ya zo, yi jadawali mai gida uku: abin da mai tantancewa ya ce, amsarka, da shafi da layin da ka gyara. Kada ka tsallake ko ɗaya, har wanda ba ka yarda da shi ba, ka faɗi dalilinka cikin ladabi. Amsar da ta cika takan sa edita ya yanke hukunci da kansa. Wadda ta yi gibi tana komawa wurin masu tantancewa, zagaye na biyu ke nan, wata ɗaya zuwa uku. Wanda ke tsoron kada wani ya riga shi yana iya ajiye daftarinsa a rumbun daftari na intanet irin AfricArXiv ko medRxiv kafin aikawa, bayan ya tabbatar mujallar ta yarda da hakan.

Yaushe ya dace a rubuta wa edita? Idan makala ta wuce mako huɗu a teburinsa ba motsi, ko ta wuce lokacin da mujallar ta ambata da wata guda. Saƙon ya zama gajere: lambar makala, take, ranar aikawa, tambaya ɗaya a kan matakin da ake ciki, da tayin ƙarin sunayen masu tantancewa idan ana buƙata. A tura ta cikin manhajar ko ga ofishin mujalla. Idan mujallar gida ce kuma editan yana harabar jami'a ɗaya da kai, zuwa da kai ya fi aike, amma tambayar mataki za ka yi, ba roƙon sakamako ba. In mako uku sun wuce shiru, a sake tura na biyu, a saka babban edita a ciki.

Idan shiru ya ci gaba, janyewa haƙƙinka ne, amma tana da ƙa'ida. Ka samu amincewar duk abokan rubutu a rubuce. Ka tura wasiƙar janyewa ga edita da kamfanin bugun, ka nemi su tabbatar. Idan ba su amsa ba, ka sake turawa tare da sanya rana, misali mako biyu, ka bayyana cewa bayan wannan rana za ka ɗauki makalar a matsayin janyayya. Ka adana kowane saƙo da hoton allon da ke nuna matsayin makalar da kwanan wata, sannan a wasiƙar rakiya ga sabuwar mujalla ka faɗi abin da ya faru, ka haɗa da kwafin saƙonnin.